Kada a ba kare ruwan kanwa in fitsari ya tsaya masa

Wani mafarauci daga Uba ya kawo min karensa a Mubi, a ƙunshe cikin buhu a bayan babur, ciki ya kumbura ya yi tauri. Na gane karen. Ni na yi masa tiyata a bara, na ciro tsakuwa daga mafitsararsa, na ce a gama magani, a dawo min da fitsari in auna. Ban sake ganinsu ba. "Likita, ai ya warke, har farauta mun je," in ji shi.

Wannan karon kare ya kwana uku yana tsugunawa yana nishi, jini-jini kawai ke ɗiga. Aka ce kashi ne ya ɗaure shi, aka ɗura masa ruwan kanwa. Wani mai tallar maganin dabbobi a kasuwa ya ɗirka masa allurar Lasix, wai ta kore fitsari. Hanya a toshe, ka ƙara tura ruwa, ina zai bi? Na sa masa robar fitsari, ta cije a bayan ƙashin azzakari, inda tsakuwa ta saba maƙalewa. Ƙoda ta riga ta gaza. Kafin magariba ya mutu.

Tsakuwar da na ciro masa a bara sitirubait ce, wadda ƙwayoyin cuta ke haifarwa. Suna farfasa sinadarin yuriya, fitsari ya rasa tsaminsa, gishirin ciki ya dunƙule. Muddin cutar na nan, cikin 'yan makonni wata ta taru. Kanwa kuwa ƙara kashe tsamin take yi, wato taki ka zuba. Karya ta fi kamuwa, namiji ya fi toshewa. Tsakuwa mai sinadarin okzalet kuma abinci ko magani ba ya narkar da ita, kuma ta fi naci wajen dawowa.

Tiyata tsakuwa take cirewa, sanadin yana nan. A gama magani ko da kare na tsalle. A daina ɗaure shi a ranar Maris da Afrilu da busasshen kasko, a riƙa kwance shi ya yi fitsari.

Kare ya yini bai yi fitsari ba, a kawo shi ranar. Ban da kanwa, don Allah, ban da allurar kasuwa.