Zaman Gilgal: Darasi a kan Jinya Bayan Fiɗar Ciki

Karatu: Joshuwa 4:19 zuwa 5:12, Luka 10:30-35.

A darasin da ya wuce mun bar jama'ar Isra'ila sun haye Kogin Urdun. Yau za mu duba abin da suka fara yi a ƙasar alkawari, abin kuwa da ban mamaki yake, gama ba da yaƙi suka soma ba, da jinya suka soma. Za mu dakata a nan sabili da 'yan'uwanmu na Abuja da kewayenta waɗanda likita ya buɗe cikinsu, da masu jinyarsu a gida, da mu duka da muke cewa mu gaɓoɓin jiki ɗaya ne.

Sai mu lura da yadda al'amarin ya kasance. A rana ta 10 ga watan fari suka fito daga Urdun, suka kafa zango a Gilgal, gabas da Yariko. Sarakunan Amoriyawa da na Kan'aniyawa sun ji labarin tsayawar ruwa, zuciyarsu ta karai. Da a ce an tambayi kowane sarkin yaƙi, da ya ce yanzu ne lokacin fāɗa wa birnin, tun tsoro bai sake su ba. Amma Ubangiji ya umarci Joshuwa ya yi wuƙaƙe na ƙanƙara, ya yi wa mazaje kaciya, domin dukan waɗanda aka haifa a jeji cikin shekara 40 ɗin nan ba a yi musu ba. Mu da muka san yadda ake zaunar da yara bayan wanzami ya gama aikinsa, a hana su guje-guje, a yanka musu kaji, mun san abin da wannan yake nufi ga babban mutum. Isra'ilawa ma sun sani sarai. A tarihin kakanninsu akwai labarin mutanen Shekem, waɗanda Saminu da Lawi suka auka wa a rana ta uku bayan kaciya, sa'ad da ciwo ya hana su tashi (Farawa 34:25). Ga kogi a baya, ga ganuwar abokan gāba a gaba, ga mayaƙa a kwance. Aya ta 8 kuwa ta gaya mana ba su motsa daga wurarensu ba sai da raunin ya warke.

Akwai wani abu a wannan aya wanda yake ba masu juya Littafi wuya. Kalmar Ibraniyanci da aka juya da warkewa, asalinta rayuwa ce. Ita ce kuma aka mora a kan sarki Hezekiya bayan da Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurunsa (2 Sarakuna 20:7). Watau ga Ba'ibrane, mai rauni mutum ne da ransa ya ragu, yana jira ya komo. Wanda aka taɓa yi wa fiɗar ciki ba ya bukatar a fassara masa wannan. Ya san yadda tafiya daga gado zuwa bakin ƙofa takan zama kamar daga Kubwa zuwa Zuba.

Bari mu faɗi a fili abin da yakan kai mutum ƙarƙashin wuƙar likita. Zazzaɓin taifod yakan huda hanji, abin da ke ciki ya zuba cikin ciki. Gyambon ciki yakan fashe. Ƙaba takan shaƙe hanji. Mata kuwa suna da nasu: ƙari a mahaifa, cikin da ya zauna a wajen mahaifa ya fashe, da haihuwar da ta gagara sai an ciro ɗa. A Babban Asibitin Ƙasa da aka buɗe a 1999, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, da asibitocin Wuse, Maitama, Asokoro, Kubwa da Nyanya, irin wannan aiki ba baƙon abu ba ne. Kafin likita ya kai ga hanji, sai ya ratsa fata, da kitse, da wani tantani mai tauri wanda shi ne yake riƙe da kayan ciki kamar yadda buhu yake riƙe hatsi, sa'an nan wani tantani marar kauri na can ciki. Da ya gama sai ya ɗinke. Fata takan haɗe da wuri, akan cire zare cikin kwana 7 zuwa 14. Amma tantanin nan mai tauri ba ya sauri. Bayan mako 6 ma bai kai ƙarfinsa na dā ba, yana ta ƙara ƙwari har watanni. A nan ne yawancinmu muke ruɗuwa: ido yana ganin fata ta warke, ba ya ganin abin da ke ƙarƙashinta.

Wannan ɗoki ba sabo ba ne. A ranar Kirsimati ta 1809, a garin Danbil na ƙasar Amurka, likita Ephraim McDowell ya buɗe cikin wata mace mai suna Jane Crawford, ya fitar da ƙari mai nauyin kilo 10 ko kusa da haka. A lokacin ba a san maganin sa barci ba, gama sai a 1846 aka nuna shi a fili a birnin Boston. Ba a kuma san hanyar kashe ƙwayoyin cuta ba, wadda Joseph Lister ya bayyana a 1867. A rana ta biyar likitan ya shiga ɗaki ya tarar da ita tana gyara gadonta, ya gargaɗe ta. Ta ji, ta zauna har kwana 25 kafin ta koma gida, ta kuma rayu shekara 32 bayan haka. Muna yaba ƙarfin halinta a kan tebur, amma a ganinmu jin gargaɗin nan ma ƙarfin hali ne.

Yanzu sai mu kwatanta. A ce ga wata 'yar'uwa, mazauniyar Mararaba, an cire mata ƙari daga mahaifa, an sallame ta bayan mako guda. Mijinta yakan fita tun da asuba domin ya tsere wa cunkoson motoci na hanyar Nyanya, ba ya dawowa sai dare. Uwarta tana Biu, surukarta tana Zuru. Maƙwabtan ɗakin haya kowa da harshensa, kowa da uzurinsa. A mako na uku mai ruwa ya ajiye jarka a ƙofa ya tafi. Jarkar lita 25 nauyinta kilo 25 ne, likitoci kuwa sukan hana mai sabon ɗinki ɗaukar abin da ya wuce kamar kilo 5 har mako 6. Yara suna kuka, tukunya tana jira. Ta ɗauka. Mai yiwuwa ne ba ta ji kome ba ran nan. Bayan watanni sai ga kumburi a kan tabon, yana fitowa in ta yi tari: ɗinkin ciki ya saki, ƙaba ta fito, sai wata fiɗa kuma, da wani kuɗi, a gidan da bai gama biyan bashin ta fari ba. Laifin wa ke nan? Kada mu yi hanzarin cewa nata ne.

Gama a Gilgal ba kowa ne ya kwanta ba. Aya ta 5 ta ce waɗanda suka fito daga Masar suna da kaciya, Littafin Ƙidaya 14:29 kuwa ya nuna waɗanda suka mutu a jeji su ne masu shekara 20 zuwa sama. Ashe akwai sauran maza masu shekara 40 zuwa 60 a tsaye, ga kuma mata. Littafi bai lissafta aikinsu ba, amma wani ya ɗebo ruwa, wani ya tattara manna da safe, wani ya yi tsaro da dare yana duban Yariko. Masu rauni sun iya zama domin suna cikin zango. Abuja kuwa garin baƙi ne. Tun da aka yi dokar kafa shi a 1976, gwamnati kuma ta ƙaura daga Legas a Disamba 1991, mutane suke ta zuwa daga Kagoro da Langtang da Garkida da Tangale, suka bar gwaggo da inna da kaka a gida. A ƙauye mai jinya ba ya rasa hannu. A nan, in ikilisiya ba ta zama zangon ba, ba wani zango.

Mun iya dubiya, wannan ba shakka. Ranar da aka fito da mutum daga ɗakin fiɗa, sai ka ga Zumuntar Mata da dattawa da ƙungiyar mawaƙa sun cika baranda, har ma'aikatan jinya su yi ta roƙo a rage. Amma a asibiti akwai masu lura da shi. Ranar da ya fi bukatarmu ita ce rana ta goma a gida, sa'ad da kowa ya ce ai an sallame shi, an gode Allah. Ku duba Basamariyen nan na Luka 10. Kalmar Helenanci da ta faɗi tausayinsa a aya ta 33 daga sunan kayan ciki aka samo ta, kamar dai yadda Bahaushe ya sa murna da ɓacin rai a ciki, ya ce farin ciki da baƙin ciki. Amma tausayin da ya motsa cikinsa bai ƙare a bakin hanya ba. Ya kwana da mutumin, kashegari ya bar dinari 2, watau ladan aikin kwana biyu, ya ɗauki nauyin abin da za a ƙara kashewa, ya kuma yi alkawarin dawowa. Aya ta 35 ita ce ayar jinyar gida, ita ce kuwa muka fi tsallakewa. Zumunci a ƙafa yake; a Abuja yana kuma cikin kuɗin mota da jarkar ruwa da kwanon abinci.

Zaman da muke magana a kai ba kwanciya ce kamar gawa ba. Likita yakan tā da majinyaci ya taka tun kashegarin fiɗa, domin kada jini ya daskare a jijiyar ƙafa ya tafi huhu, kada kuma majina ta taru a ƙirji. A gida ma haka: tafiya kaɗan a tsakar gida sau da yawa a yini, yau ta fi ta jiya. In tari ko atishawa ta zo, sai ya danne cikin da matashin kai. In zai tashi daga gado, ya fara juyawa gefe, ya tura da hannu. Nama sabo ba ya tsirowa da koko kaɗai. Yana bukatar wake, ƙwai, kifi, gyaɗa, madara, da ganye irin su zogale, da gwanda, da ruwa isasshe domin kada bayan gida ya yi tauri ya sa yunƙuri. Saboda haka in ikilisiya ta sa azumi, mai sabon ɗinki ba ya ciki, kada kuma kowa ya sa shi jin kunya. Wadda aka yi wa fiɗar haihuwa, kada a gasa mata miki da tafasasshen ruwa da sunan wankan jego.

Akwai kuma maganar mai. Yakubu 5:14 ya ce a kira dattawa su yi addu'a su shafa mai, muna kuwa riƙe da wannan. Amma a shafa a goshi. Mikin fiɗa ba ya son mai, ko toka, ko garin magani, ko hannun da ba a wanke da sabulu ba, kome tsarkin niyyar mai hannun. In zazzaɓi ya tashi, ko bakin miki ya yi ja yana fid da mugunya, ko ya buɗe, ko ciki ya kumbura da amai, iska da bayan gida suka tsaya, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, to, a yi addu'ar a cikin mota a kan hanyar asibiti, ko da tsakar dare ne. Ishaya annabi ne, ya kawo wa Hezekiya maganar Ubangiji, bai kuwa raina ɓaure ba.

Ga mai rauni kansa muna da magana ɗaya, mun kuwa san tana da ɗaci. Mutumin da ya saba ciyar da gida, ko macen da ta saba yi wa kowa hidima, yakan ji nauyi ƙwarai a ce wani ne zai ɗaga shi, wani ne zai wanke masa tufafi. Wani yakan yi kuka ba dalili, barci ya ƙaurace masa, ya ce ko bangaskiyarsa ce ta raunana. Ba haka ba ne, gajiyar jiki ce, takan bi babbar fiɗa makonni. In kuwa ta daɗe ta yi nauyi, a gaya wa likita. Bulus da kansa ya bar Tarofimas a Militas ba lafiya (2 Timoti 4:20), bai kuwa zarge shi da kome ba. Waɗansu sukan ce, ai an yi wa Hezekiya alkawari zai hau Haikali a rana ta uku, don haka su ma Lahadi mai zuwa za su hau babur su zo su taka rawar godiya. Na Hezekiya maruru ne, annabi kuma ya zo masa da magana musamman. Mayaƙan Joshuwa a zangon da suka yi jinya suka ci Idin Ƙetarewa a rana ta 14, a nan kuma aka kawar musu da ƙasƙancin Masar, ba su ko zare takobi ba tukuna. Dattawa su kai wa ɗan'uwa Jibin Ubangiji a ɗakinsa. Yariko tana nan, ba inda za ta.

Tambayoyi domin tattaunawa:

1. Ku gwada Farawa 34:25 da Joshuwa 5:1. Me ya tsare Isra'ila a kwanakin da ba su iya tsare kansu ba?

2. Me ya sa ya fi mana sauƙi mu yi wa wani hidima da mu yarda a yi mana? Ku duba amsar Bitrus a Yahaya 13:6-9.

3. Wane ne a cikin ikilisiyarku aka sallama daga asibiti cikin wata biyu da suka wuce? Kafin ku tashi, ku rubuta sunansa, da sunan wanda zai kai masa ruwa, da wanda zai kai abinci, da wanda zai raka shi ranar komawa ganin likita, kowa da ranarsa, har mako 6 su cika.