Soson Katifa Ba Ya Wanke Rijiyar Da Fetur Ya Shiga

A daminar da ta wuce aka kira ni wani gida a Fadan Kaje in duba rijiya. Gwajin ruwa ne aikina, kuma na ga gurɓatattun rijiyoyi da yawa tsakanin Kafanchan da Zonkwa, amma wannan har yau in na tuna ta raina ɓaci yake.

Maƙwabcin gidan ɗan bumburutu ne. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ya shiga sayen fetur yana ɓoyewa. Ya haƙa rami a gindin katanga ya binne duro, taku kaɗan daga rijiyar da gidaje da dama ke ɗiba. Duron ya yi tsatsa ya huje. Kowa ya san ƙasarmu, da ruwan Agusta ya zauna sai ruwan rijiya ya taso, guga ba ya neman doguwar igiya. Fetur ya bi ta ƙasa ya same shi.

Da mata suka fara ganin ƙyalli a saman guga suna jin wari, sai ga wani wai shi masani. Ya ce ya gani a waya, da soso Turawa ke kwashe mai a teku. Ya yayyanka tsohuwar katifa ya watsa a rijiyar, ta kwana, ya tsamo. Ƙyalli bai tafi ba. Sai ya juye Omo ciki, ya bi da alam. Ƙyalli ya ɓace, ya karɓi kuɗinsa, ya ce bayan kwana uku a sha.

Aka sha. Yara suka kama amai da ciwon kai, aka yi ta ɗura musu maganin zazzaɓi. Cikin masu shan har da mai juna biyu. Uwar gidan ta ce mini, "Ɗana, ai ya nuna mana ruwan a kofi, fari tas." Na ce, "Mama, kawo hancinki bakin robar nan." Ta sunsuna, ta ja da baya, ta fara kiran jikokinta ɗaya bayan ɗaya.

Soson da mutumin ya gani a waya gaskiya ne, akwai shi. A 2017 masana a cibiyar Argonne ta Amurka suka fitar da Oleo Sponge, kuma daga irin soson kujera suka faro. Amma sai da suka sauya fuskar kowane ramin da ke cikinsa da sinadari, ya koma yana kama mai yana ƙin ruwa, yana shan mai har ninki 90 na nauyinsa, a matse a sake amfani da shi. Katifar gidanka ba a yi mata wannan aikin ba. Ruwa take sha da mai tare, ta yi nauyi, ta marmashe, ta bar maka dattin shekara goma a rijiya.

Kuma ko soson gaske ka samu, man da bai narke ba yake ɗauka. Benzin da ke cikin fetur narkewa yake a ruwa, ido ba ya ganinsa, kuma yana jawo sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da iyakarsa a maikurogiram 10 cikin lita ɗaya. A rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni, an samu rijiyoyin Nisisioken Ogale da benzin ya haura wannan iyaka fiye da sau 900, mutane suna sha.

Omon nan shi ya fi ƙona mini rai. Sabulu farfasa mai yake ya cakuɗa shi da ruwa, ya hana shi tasowa inda za a kwashe. Wanda ya zuba Omo a rijiyar fetur ɓoye gubar ya yi. Kada a zuba Omo. Alam laka yake kwantarwa, kulorin ƙwayoyin cuta yake kashewa, babu ruwansu da fetur. Tafasawa ma ba mafita ba ce, tururin za ku shaƙa a madafa.

Masu yasar rijiya, kada wanda ya shiga rijiya mai warin fetur, ko nawa aka ba shi. Ba fitila, ba ashana, ba taba a bakinta. Soson da ya sha mai kuma kada a jefa shi a kwata ko a bar wa yara.

Na sake faɗa, kada a zuba Omo. Farin ruwa a kofi ba sakamakon gwaji ba ne, kuma muddin duro yana binne, ko sau nawa aka kwashe rijiyar fetur zai dawo. Masu injin niƙa da masu juye baƙin mai a bayan gareji, da ku ma nake.

In kun ji warin mai a guga, ku rufe rijiyar a ranar, ku gaya wa mai unguwa da duba-gari na ƙaramar hukuma, a kai maganar hukumar kare muhalli ta jihar Kaduna (KEPA) ko hukumar kula da malalar mai ta ƙasa (NOSDRA). A tono abin da ke yoyo tukuna. Kada kowa ya sha, kada a yi girki da shi, sai takardar gwaji ta fito.