BABI NA TARA: ƊINKIN GIDA A KUDANCIN BIRNIN KADUNA

9.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan saƙa da rini. Wannan babi zai duba ɗinki, wato matakin da ke mayar da ƙyalle ya zama sutura. An taƙaita nazarin a kan ɗinkin gida, an kuma ɗauki unguwannin birnin Kaduna da ke kudu da kogi a matsayin misali, irin su Kakuri da Makera da Barnawa da Nasarawa da Sabon Tasha. Dalilin zaɓen wannan yanki shi ne, a nan ne manyan masaƙun zamani na Arewa suka tashi, a nan kuma suka durƙushe. Haka nan yanki ne da Gbagyi da Bajju da Atyap da Ibo da Yarbawa da Hausawa ke cuɗanya, Hausa kuwa na cikin manyan harsunan cinikinsu.

9.1 Manufar Babi

A ƙarshen wannan babi ana sa ran ɗalibi zai iya:

(i) bayyana ma'anar ɗinkin gida da bambancinsa da sana'ar tela;
(ii) nuna dangantakar masaƙun Kakuri da ɗinkin gida;
(iii) kawo alfanu da matsalolin ɗinkin gida;
(iv) rarrabe kalmomin ɗinki ta fuskar asali da ƙira;
(v) tsara darasi a kan ɗinki ga 'yan ƙaramar sakandare.

9.2 Ma'anar Ɗinkin Gida

Ɗinki shi ne haɗa ƙyalle da ƙyalle, ko gyara bakinsa, ko ƙawata shi, ta amfani da allura da zare. Ɗinkin gida kuwa shi ne wanda mutum ke yi wa kansa ko iyalinsa ba don a biya shi ba. Ya ƙunshi yanka sabon yadi a ɗinka, da yin faci, da rage wa ƙane rigar wansa, da mayar da maɓallin da ya tsinke. Tela shi ne wanda ya riƙi ɗinki sana'a, yana karɓar lada. Iyakar da ke tsakanin su biyun ba ta da kauri, domin sau da yawa matar da ta fara da ɗinka wa 'ya'yanta takan wayi gari maƙwabta na kawo mata nasu.

9.3 Taƙaitaccen Tarihi

A gargajiyar Bahaushe akwai rabon aiki a sha'anin tufa. Mata ke kaɗi, maza ke saƙar fari mai ɗan siririn faɗi, su ne kuma ke haɗa shi da allura ya zama zane ko riga. Aikin babbar riga, irin su aska biyu da aska takwas da tambari, ya shahara a hannun malamai da almajirai, musamman a Zariya da Kano. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar tufafin da ake saƙawa ana rinawa a can suna kaiwa har Timbuktu. A wannan shekarar ce kuma Isaac Singer ya yi rajistar keken ɗinkinsa a Amurka.

Keken ɗinki ya yaɗu a ƙasar Hausa a zamanin mulkin mallaka, ya fara zama a rumfunan kasuwa a hannun maza. Daga baya ya shiga gidaje. Darasin kula da gida a makarantun 'yan mata, da cibiyoyin koyar da mata sana'a, irin waɗanda suka yawaita a ƙarƙashin shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida daga 1987, sun taimaka wajen sanya keke a hannun mata. Samuwar keke mai rahusa ƙirar Sin, irin su Butterfly, ta ƙara sauƙaƙa mallakarsa.

9.4 Masaƙun Kakuri da Tasirinsu

A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles Limited a Kakuri, bisa haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello da kamfanin David Whitehead na Ingila. Ta fara ne da akoko, wanda ake saƙawa da audugar Arewa. Cikin shekarun 1960 wasu suka biyo baya, kamar Nortex da Arewa Textiles da United Nigerian Textiles Limited, wadda ta yi suna wajen atamfa. Dubban ma'aikata daga sassan ƙasar nan suka tare a Kakuri da Makera da Nasarawa.

Wannan ya shafi ɗinkin gida ta hanya biyu. Ta farko, yadi ya samu a kusa, cikin farashin da ƙaramin ma'aikaci zai iya saye. Ta biyu, albashin wata-wata ya ba magidanci damar tara kuɗin keke. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar Naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka yi tsada. Ƙarancin wutar lantarki da fasa-ƙwaurin yadi daga waje suka ƙara dagula al'amari. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna neman haƙƙinsu na sallama. United Nigerian Textiles ta rufe a 2007, aka sake buɗe ta a 2010, amma ba ta koma ƙarfinta na da ba. Salihu Maiwada da Elisha Renne sun yi nazarin wannan durƙushewa a 2013.

Abin lura a nan shi ne, gidan da albashi ya yanke masa ya fi kowa bukatar ɗinkin gida, amma kuma shi ne ya fi kasa sayen yadi da keke. Ga kuma gwanjo da ɗinkakkun kaya na waje, waɗanda wani lokaci farashinsu bai kai kuɗin yadin da za a ɗinka irinsu ba.

9.5 Alfanun Ɗinkin Gida

(a) Tattali: Kuɗin ɗinki yakan zauna a gida. Ƙyallayen da suka rage sukan zama rigar jariri ko rigar filo, ko a harhaɗa su a yi abin shimfiɗa. Faci da rage tsawo na sa riga guda ta yi wa yara biyu ko uku aiki.

(b) Kuɓuta daga saɓa alkawari: Gab da Sallah ko Kirsimeti ɗinki kan yi wa teloli yawa. Mai ɗinki a gida tana iya fara kayan yaranta tun da wuri, ba tare da zaryar zuwa shago ba.

(c) Dacewa da jiki da ra'ayi: Mai ɗinka wa kanta ta san inda riga ke matse ta. Matar da ba ta son namiji ya gwada ta, ko wadda ba ta cika fita ba, takan sami sutura yadda take so.

(d) Mafarin sana'a: Yarinyar da ta tashi tana zura wa uwarta zare a allura ta riga ta yi nisa kafin ta je wurin koyo.

9.6 Matsalolin Ɗinkin Gida

(a) Jari: Bayan keke akwai almakashi da abin awo da zare da allurai da man keke da dutsen guga. Domin a san ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu, sai a raba kuɗin waɗannan kaya da abin da tela ke karɓa a kan ɗinki guda. A misali, idan jarin ya kai kuɗin ɗinki talatin, gidan da ke ɗinka kaya goma a shekara sai ya yi shekara uku kafin ya mayar da kuɗinsa. Gida mai yara da yawa zai fi saurin mayarwa.

(b) Kuskuren yanka: Ɗinkin da ya karkace ana iya warware shi, amma yadin da aka yanka ba ya komawa. Turmin atamfa yadi shida ne, daga ciki za a fitar da zane da riga da ɗankwali. Kuskure a wuya ko hammata yakan ci rabon ɗankwali. Atamfar da zanenta ke fuskantar gefe guda kuwa, in ba a lura ba sai furenta ya fito a kife. Yadin auduga yakan tsuke a wankin farko, don haka ana jiƙa shi a shanya kafin a yanka.

(c) Rikicin keke: Zare kan riƙa tsinkewa ko ya cukurkuɗe a ƙasan ƙyalle idan ɗaurin zaren sama da na ƙasa bai daidaita ba, ko allura ta dakushe, ko ba ta dace da kaurin yadi ba. Keken lantarki na da sauri, amma yana tsayawa da zarar an ɗauke wuta. Wannan ya sa na ƙafa da na hannu ke da farin jini a gidaje.

(d) Iyakar gwaninta: Zane da siket da wandon yara ba su da wuya. Kwat da kaftani mai aiki da babbar riga kuwa sai gwani, wani aikin ma sai da keke na musamman.

(e) Lokaci da lafiya: Matar gida ba ta cika samun natsuwa sai dare, ɗinki cikin ƙarancin haske kuwa yana gajiyar da ido, dogon zama yana kawo ciwon baya. Allura da reza kuma hatsari ne a gidan da ke da mai rarrafe.

(f) Ɗinkin zumunci: Da zarar an ji ƙarar keke a gida, 'yan'uwa da maƙwabta za su fara aiko da gyara. Kunya takan hana neman lada, sai zare da lokaci su tafi a banza.

Saboda haka gidaje da dama sukan bi tsaka-tsaki: kayan zaman gida da na yara da gyare-gyare a yi su a gida, kayan biki da anko a kai wa tela.

9.7 Kalmomin Ɗinki

Kalmomin ɗinki suna ɗauke da tarihin cuɗanyar Bahaushe da wasu al'ummu. Ana iya kasa su gida huɗu:

(i) Na asali: ɗinki, zare, ƙyalle, zane, maɓalli, ɓaraka.
(ii) Aro daga Larabci: allura, almakashi, aljihu, alkyabba. A waɗannan kalmomi an haɗiye harafin "al" na Larabci ya zama ɓangaren kalmar.
(iii) Aro daga Ingilishi: tela, yadi, inci, faci, siket, kwat, leshi, zif.
(iv) Aro daga Yarbanci: keke, gwanjo, buba, ashoke.

Hausa ba ta yarda baƙi biyu su jeru a farkon gaɓa ba, shi ya sa aka cusa wasalin "i" tsakanin "s" da "k" a kalmar siket. A yadi da inci da faci kuwa, wasali aka ƙara a ƙarshe. Akwai kuma faɗaɗar ma'ana, kamar yadda keke ya haifar da keken hawa da keken ɗinki da keken rubutu, da yadda anini, tsabar kuɗin nan mai huji ta zamanin Turawa, ya zama sunan maɓalli.

Ta fuskar ƙirar kalma, saiwar "ɗink-" tana ba da misali mai kyau na rukunan aikatau bisa tsarin da Parsons ya kawo a 1960:

Rukuni na 1: Ta ɗinka riga.
Rukuni na 4: Ta ɗinke ɓarakar.
Rukuni na 6: Ta ɗinko riga daga Kakuri.
Rukuni na 7: Rigar ta ɗinku.

Ɗafa-goshin "ma-" kuma yana samar da sunan mai aiki (maɗinki, maɗinkiya, maɗinka), da sunan kayan aiki (maɓalli), da sunan wuri (masaƙa, marina). A lura cewa karin sauti ne ke bambanta "marina" ta wuri, mai karin sama-sama-sama, da "marina" jam'in marini, mai karin sama-ƙasa-sama.

Ɗinki ya shiga karin magana da salon zance. Akan ce "allura cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka", da "allura ta tono garma", da "zanen aro ba ya rufe katara". Idan an sulhunta masu gaba akan ce an ɗinke ɓaraka. Yaron da bai taɓa ganin an ɗinke ɓarakar riga ba zai haddace wannan salo ne kawai, ba tare da ya ga hoton da ke cikinsa ba. A nan ne aikin malamin Hausa yake, domin idan sana'a ta bar gida kalmominta kan bi bayanta.

9.8 Koyar da Darasin a Aji

Ana shawartar malami ya bi waɗannan matakai:

(i) Ya zo aji da allura da zare da almakashi da maɓalli da ƙyallen atamfa, ya bar ɗalibai su faɗi sunayensu kafin ya rubuta a allo.
(ii) A aji mai yara daga ƙabilu daban-daban, kamar na Kakuri ko Sabon Tasha, ya nemi kowa ya kawo sunan abin a harshensu, a kwatanta da na Hausa.
(iii) Ya tura su su tambayi iyaye ko wani tela kalmomi goma, a kasa su bisa asali.
(iv) Ya haɗa kai da malamin darasin kula da gida, kowane ɗalibi, mace da namiji, ya ɗinka maɓalli, sannan ya rubuta matakan da ya bi cikin daidaitacciyar Hausa.
(v) Ya ƙirga allurai kafin darasi da bayansa.
(vi) Ya kiyaye kada a yi misali da facin rigar wani ɗalibi, domin a aji akwai ɗan mai shi, akwai ɗan marashi.

9.9 Kammalawa

An ga cewa ɗinki ya taso daga hannun maza masu allura, ya bi ta rumfar tela, ya shiga ɗakunan mata. An ga yadda tashi da faɗuwar masaƙun Kakuri tsakanin 1957 da 2007 suka shafi samuwar yadi da ƙarfin aljihun iyali. Ɗinkin gida yana da riba ga gidan da ya yi lissafi kafin sayen keke, ya kuma san abin da zai ɗinka da wanda zai kai wa gwani. Babi na gaba zai duba dukanci.

Tambayoyin Bita

1. Bambanta ɗinkin gida da sana'ar tela tare da misalai.
2. Kawo dalilai uku da suka jawo rufewar masaƙun Kakuri, ka nuna tasirin haka ga ɗinkin gida.
3. Bincika farashin keken ƙafa da kuɗin ɗinkin atamfa a garinku, ka lissafa yawan ɗinkin da zai mayar da jari.
4. Yi bayanin sauye-sauyen sauti a waɗannan kalmomi: siket, yadi, almakashi.
5. Saka saiwar "yank-" cikin rukunan aikatau uku, ka gina jimla da kowanne.
6. Tsara darasin minti 40 a kan kalmomin ɗinki ga aji biyu na ƙaramar sakandare.