Yadda ake zana zancen zuci a zanen barkwancin jarida

Zanen barkwancin jaridun Amurka galibi gajere ne, akwati uku ko huɗu a jere. A wannan ɗan fili ake so mai karatu ya ji abin da baki ya faɗa, ya kuma ji abin da zuciya ta ɓoye. Ga yadda gwanayen sana'ar suke yi.

Da farko a rubuta kalmomin da fensir a saman akwatin, a taƙaice, sannan a kewaye su. Wanda ya fara zana kewayen, sai maganar ta rasa wurin zama.

Na biyu, a bambanta siffa. Maganar baki ana kewaye ta da layi sumul, da 'yar wutsiya mai tsini tana nuna mai maganar. Tunani kuwa gefensa tudu-tudu ne kamar gajimare, sai ƙananan da'irori su gangaro zuwa kan mai tunanin, suna ƙanƙancewa.

Na uku shi ne fuska, kuma nan gwaninta take, don labarin zuciya a tambayi fuska. Baki a rufe yake, ido da gira ke aiki. Charles Schulz, wanda ya zana Peanuts daga 1950 zuwa 2000, ya fara bayyana tunanin karen nan Snoopy a 1952, daga nan kare ya zama mai ra'ayi da buri. Jim Davis ya bi wannan hanya da kyanwarsa Garfield tun 1978: maigidansa Jon yana ta surutu, Garfield ya lumshe ido rabi, yana mayar masa da baƙar magana a zuci.

Na huɗu, inda alama ta isa, a bar kalma. Ƙwan lantarki a saman kai dabara ce ta faɗo, ɗigon gumi fargaba ne, alamar tambaya ruɗewa ce.

Na biyar, idan tunanin ya fi ƙarfin gajimare, a ba shi akwatin gaba ɗaya. Haka Bill Watterson ya yi a Calvin and Hobbes daga 1985 zuwa 1995. Yaro Calvin yana zaune a aji, sai ajin ya rikiɗe ya zama wata duniya, malama ta zama dodo, akwatin ƙarshe ya dawo da shi kan bencinsa.

Kafin a bi da tawada, a sake dubawa. Idan tunanin maimaicin maganar baki ne, a goge shi. Amfaninsa shi ne mai karatu ya san sirrin da sauran mutanen zanen ba su sani ba.