Tsarin Madafi Mai Siffar Harafin U: Awo, Iska da Tsabtar Abinci

A yawancin gidajen Anka da Gummi da Bukkuyum, sai an gama ginin ɗakunan kwana da zaure kafin a tuna da madafi, a raɓa shi a lungun da ya rage. Alhali kuwa nan ne uwargida take shafe mafi yawan yininta. Wannan darasi zai duba wani tsarin madafi da masana gine-gine suka daɗe suna nazari, da kuma abin da ya dace a ɗauka daga cikinsa.

Madafi mai siffar harafin U shi ne wanda aka jera wuraren aiki a jikin bango uku, aka bar gefe ɗaya a buɗe domin shiga da fita. Hikimarsa tana ga abin da aka kira alwatikar aiki, wadda masana a Jami'ar Illinois ta Amurka suka fito da ita a shekarun 1940. Sun lura cewa mai girki tana kai da komowa ne tsakanin wurare uku: wurin wuta, wurin ruwa, da ma'ajiyar abinci. Ƙa'idar ita ce kada tazarar kowane biyu ta gaza mita 1.2, kada kuma ta wuce mita 2.7. A can, kuka da famfo da firiji ake nufi. A nan kuwa murhu ne da randa da buhun gero, amma lissafin bai canja ba. Idan an ba kowane bango aiki ɗaya, tafiya ta ragu, kuma yaro ba zai ratsa ta gaban tukunya mai tafasa ba.

Wasu kan ƙara dakali a tsakiyar ɗakin, wanda Turawa ke kira tsibiri domin bai jingina da kowane bango ba. A kansa ake yanka albasa da gyaran nama, a gefe guda kuma a jera kujeru. To, amma yana da cin wuri. Alal misali, kantar aiki tana da faɗin santimita 60 a kowane bango, hanyar da ke kowane gefen dakalin tana bukatar kimanin santimita 110, shi kansa dakalin a ce santimita 90. Idan aka tara, faɗin ɗakin ya kama mita 4 da santimita 30. Ɗaki mai mita 3 ba zai ɗauka ba, duk yadda magini ya so ya faranta wa mai gida rai. Kowane mai zama kuma a ware masa santimita 60, a bayan dakalin, nesa da wuta.

Akwai wurin da bai kamata a kwaikwayi awon Turai ido rufe ba. Kantarsu takan kai tsayin santimita 90, domin a tsaye suke girki. Tuƙin tuwo kuwa yana bukatar tukunya ta zauna ƙasa-ƙasa, yadda mai riƙe da muciya za ta sa ƙarfin kafaɗunta. Saboda haka ya fi kyau a gina murhun itace gajere a bangon ƙurya, a yi masa bututun hayaƙi, a buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna. Hayaƙin itace da gawayi yana jawo ciwon huhu, musamman ga jinjirin da ke goye.

Babban dalilin kula da madafi a wannan yanki shi ne ƙura. A shekarar 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyuka irin su Dareta da Abare na Anka, da Yargalma ta Bukkuyum. Yara fiye da 400 suka rasu. Dutsen zinariyar da ake haƙowa yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kuma daka shi ana shanya shi a tsakar gida, wani lokaci ma a turmin da ake surfe. Ƙurar ta sauka a ƙasa da kwanuka, yara suka kai hannu baki. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Na Bagega bai samu ba sai a 2013.

Bango uku suna tare ƙura, muddin ba a fuskantar da buɗaɗɗen gefen ga arewa maso gabas ba, inda iskar hunturu ke fitowa. Daɓen siminti ana iya goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, saɓanin turɓaya. Dakali kuma yana ɗauke abinci daga ƙasa. Amma duk wannan ba zai yi amfani ba idan dutsen ma'adinai ko tufafin mahaƙi sun shigo gida, domin tafasa abinci ba ya kawar da dalma.

Malami na iya sa ɗalibai su auno madafin gidajensu, su zana shi da ma'aunin santimita 1 a madadin santimita 50, su nuna murhu da randa da ma'ajiya, sannan su lissafa ko dakali zai shiga.