Koyon Kiɗan Jita: Aikin Hannun Dama

'Yan'uwana ɗalibai, galibin wanda ya fara koyon jita ya kan ba da hankalinsa duka ga hannun hagu mai danne tsirkiyoyi, ya manta da na dama mai kaɗa su. Ga ganina kuwa na daman ya kamata a fara horarwa. In hagu ya yi tuntuɓe ba lalle mai saurare ya lura ba, amma in dama ya tsaya ko da ƙiftawar ido, kiɗa ya karye ke nan, kowa ya ji.

Jita irin wadda mu ka sani daga ƙasar Sifen ta fito. Wani masassaƙi, Antonio de Torres, wanda ya rasu cikin 1892, shi ya daidaita siffarta da girmanta. Tsirkiyarta shida ce, ba biyu kamar ta garaya ba. Daga ƙasa a ke ƙidaya su: siririyar nan ta can ƙasa ita ce ta ɗaya, kakkaurar da ke sama wajen ƙirjinka ita ce ta shida. Ka riƙe wannan, gama za mu bukace shi nan gaba.

To, ka zauna bisa kujera marar hannu, ka ɗora ƙugun jita kan cinyarka ta dama. Makaɗinta wani ɗan ɓallin roba ne mai kusurwa uku, aikinsa ɗaya da guntun busasshiyar fatar da mai garaya ke riƙewa. Mai koyo ya nemi marar kauri, kamar rabin milimita, don yana lanƙwasa, ba ya sarƙewa. Ka riƙe shi tsakanin babban yatsa da gefen manuniya, bakinsa ya leƙo kaɗan, kada kuwa ka matse shi fiye da yadda ka ke matse alƙalami. In babu makaɗi, bayan farcen manuniya ya isa. Wuyan hannu shi ke aiki, a sake, kamar mai yarfe ruwa bayan ya wanke hannu. Ka kaɗa daidai bisa ramin nan na tsakiya, don can kusa da inda tsirkiyoyi su ka ɗauru murya ta kan bushe.

Yanzu ga ainihin darasin. Ka shimfiɗa yatsun hagu bisa tsirkiyoyi ba tare da ka danna ba, don su yi shiru, sai ƙaras ƙaras. Ka sami agogo mai ƙara, ka sauke hannu sau ɗaya ko wace daƙiƙa, kana ƙidaya ɗaya, biyu, uku, huɗu, ka koma ɗaya. Hannun da ya sauka tilas ya hau kafin ya sāke sauka, kamar taɓarya a hannun mai daka. A wannan hawan ma ana bugu, amma tsirkiya uku ko huɗu na ƙasa kaɗai a ke shafa, a hankali.

Mu Hausawa mun yi sa'a a nan, domin kalmomin ƙidayarmu huɗun nan ko wace gaɓa biyu gare ta: ɗa-ya, bi-yu, u-ku, hu-ɗu. Gaɓar farko hannu na sauka, ta biyu yana hawa, motsi takwas ke nan. Salo iri iri da ka ke ji wurin gwanaye duk cikin takwas ɗin nan su ke. Abin da su ke yi shi ne, hannu ba ya fasa kai da kawowa, sai dai a wani wuri ya wuce ta iska bai taɓa tsirkiya ba. Jarraba wannan, wanda ya shiga waƙoƙi ba iyaka: ka buga “ɗa”, ka tsallake “ya”, ka buga “bi” da “yu”, ka tsallake “u”, sa'an nan ka buga “ku”, “hu”, “ɗu”. Tsallake “u” ɗin nan shi ke ba mutane wuya, gama hannu yana sauka amma ba a jin kome, sai mai koyo ya ji kamar ya tsaya ya jira. Kada ka jira. Bari ƙafarka ta taka ƙasa a wurin, hannu ya bi ta.

Sai wannan ya zauna sa'an nan hagu ya shigo. Kamu mafi sauƙi shi ne wanda a ke rubutawa Em: yatsa biyu a gida na biyu, watau tsakanin ƙarfe na ɗaya da na biyu na wuyan jita, bisa tsirkiya ta biyar da ta huɗu, ka buga shidan duka. Amma fa ba ko wane kamu ke son shida ba. C daga ta biyar a ke fara shi, D kuwa daga ta huɗu, in ka haɗa da na sama sai murya ta dagule. Sa'ad da za ka sauya kamu, ka ɗaga yatsun hagu a kan “ɗu” na ƙarshe, ko da tsirkiyoyi sun yi ƙara a sake. Gwanaye ma haka su ke yi, don su sauka sabon kamu daidai kan “ɗa”, wanda a ke ɗan ƙara wa ƙarfi.

Minti goma sha biyar kullum ya fi awa biyu ran Asabar, don kan yatsun hagu ya kan yi zafi kafin ya yi kanta. In ka gamu da waƙar da ke tafiya uku uku, sai ka yar da “huɗu”, ka ƙidaya ɗa-ya, bi-yu, u-ku, motsi shida.