"An Gwada a Jami'a": Abin da Gwajin Marke da Bagaruwa Ke Nufi

Duk mai cin kasuwar Kwanar Ɗangora ko ta Kafin Maiyaki ya san motar nan mai lasifika a ka, da jarkoki jere a bayanta. A da, mai magani da sunan kakansa yake kafa hujja. Yanzu kuwa sai ka ji ya ce, "Wannan an kai shi jami'a, an gwada, ya kashe ƙwayar taifot." Wani har takarda yake ɗagawa mai hoton faranti da lambobi. Tambayar da ta fi zuwa mini daga Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa ke nan, daga masu saye da kuma masu maganin kansu: gwajin nan gaskiya ne? In gaskiya ne, me ya hana asibiti ba da jiƙon marke a maimakon allura?

Gwajin gaskiya ne. Ana yin sa a Jami'ar Bayero, da Ahmadu Bello ta Zariya, da jami'ar kimiyya ta Wudil, kuma itatuwanmu da yawa suna nuna ƙarfi a cikinsa. Sai dai tambayar da yake amsawa ƙarama ce, mutane kuma suna ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa.

Ga yadda ake yi. A samo sassaƙe ko ganye, a shanya a inuwa, a daka ya zama gari. A jiƙa garin cikin ruwa ko cikin sinadarin etanol ko metanol na kwana biyu zuwa uku, a tace, a busar da ruwan, sai a sami wani baƙin danƙo a gindin kwalba. Shi ne tsantsar maganin. A gefe guda an zuba wa ƙwayoyin cuta abincinsu a farantin gilashi ya daskare, an shafe samansa da ƙwayar da ake son gwadawa: Staphylococcus aureus mai kawo maruru da ruɓar gyambo, ko Escherichia coli mai yawan haddasa ciwon mafitsara, ko Salmonella Typhi ta taifot. Sai a huda 'yan ramuka masu faɗin milimita 6, a ɗiga tsantsar a ciki, a rufe, a sa a akwatin ɗumi a kan zafi 37, daidai zafin jikin mutum, na awa 18 zuwa 24.

Washegari in ka ɗaga farantin ka haska, za ka ga ƙwayar ta tsiro ta lulluɓe ko'ina da dishi-dishi, amma kewayen ramin da aka ɗiga marke ya fita fes, haske na ratsa shi. Wannan da'irar ake aunawa da rula. Ban taɓa gajiya da kallonta ba, kuma na san abin da ɗalibi ke ji ranar da ya fara ganin ta a kan itacen da kakarsa ke jiƙa masa yana yaro. Tsarin auna da'ira tsoho ne, tun 1966 Kirby da Bauer da abokan aikinsu suka daidaita shi a Amurka, kuma da shi asibitoci ke zaɓar maganin da zai kama ƙwayar da aka samu a jikin majiyyaci.

To ina matsalar take? Ta fara daga lissafi. A gwajin akan ajiye 'yar takardar maganin asibiti domin kwatance, misali ta sifurofulokzasin, wadda ke ɗauke da maikurogiram 5 kacal. Ita kuwa tsantsar itace sau da yawa akan haɗa ta da kauri, miligiram 100 a kowace mililita ɗaya ta ruwa. In aka ɗiga kashi ɗaya cikin goma na mililita a rami, an zuba miligiram 10 ke nan, wato maikurogiram 10,000. Ninki 2,000 na maganin asibitin. Don haka in ka ga takarda ta ce da'irar marke ta kusa kamo ta maganin bature, tambayi nawa aka zuba na kowanne. Girman da'irar ma ba shi kaɗai ne ma'aunin ƙarfi ba, domin wani sinadarin yana ratsa abincin farantin da sauri, wani kuma yana tsayawa a bakin rami ko da ya fi ƙarfi. Shi ya sa ake gwaji na biyu, inda ake ta tsarma tsantsar rabi-rabi har a gano mafi ƙanƙantar adadin da ke hana ƙwayar tsiro. Masana harhaɗa magani da yawa ba sa ɗaukar tsantsa da muhimmanci sai wannan adadin ya sauka ƙasa da maikurogiram 100 a mililita. Wadda sai ta haura miligiram 1 take aiki, mai rauni ce, ko da an buga ta a mujalla.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. A faranti, magani da ƙwaya gaba da gaba suke, babu shamaki. Gishiri mai yawa ma yana kashe ƙwaya a nan, haka sabulu. A jikin mutum kuwa, abin da aka sha sai ya tsallake tsamin ciki, ya ratsa bangon hanji, ya wuce hanta wadda aikinta farfasa baƙin sinadarai, ya tsarmu cikin jinin da ya kai lita 5, sannan ragowar ta isa inda cutar take da ƙarfin da zai yi tasiri, ba tare da ta taɓa ƙoda ba. Manomin masara a Doguwa yakan naɗe iri a jiƙaƙƙen tsumma ya ga ko zai tsiro, amma ba ya kiran dillali ya sayar da buhunan kaka saboda tsumma ya nuna tsiro. Matsayin faranti ke nan.

Dubi bagaruwa. Majema a Kano da ita suke jima tun kaka da kakanni, saboda tana cike da sinadarin tanin, mai kama naman fata ya ɗaure shi ya hana shi ruɓa. Shi ne kuma ke sa bauri a baki in ka tauna sassaƙen marke ko na baushe. Tanin yana damƙe ƙwayar cuta in ya same ta ido da ido, shi ya sa waɗannan itatuwan ke yawan fitar da da'ira a faranti. Amma galibinsa ba ya ratsa hanji ya shiga jini yadda yake. Wannan ya yi daidai da inda iyayenmu suka fi amfani da su: asuwakin marke, kurkure baki da ruwan bagaruwa in dasashi na jini, wanke gyambo, zama cikin ruwanta bayan haihuwa. Duk wuraren da magani ke taɓa ciwo kai tsaye ne. A ganina nan ne binciken itatuwanmu ya fi alamar nasara, kuma abin takaici nan ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, kowa ya tafi neman maganin taifot.

Taifot kuwa a jini take, har cikin ƙwayoyin jikin mutum take ɓuya. In aka bar ta ta kai mako na uku tana iya huda hanji, daga nan sai tiyata. Mashaƙo, wadda ta ɓarke a Kano tun ƙarshen 2022 ta ɗauki yara da yawa, gubar da ƙwayar ke saki ce ke lalata zuciya, kuma ba jiƙon da ke warware wannan gubar, sai allurar da aka yi dominta a asibiti. Ko da wani itace ya kashe ƙwayar mashaƙo a faranti, wannan bai ba kowa izinin tsare yaro a gida ba.

Kada a fahimce ni a baibai. Muna cikin tsananin buƙatar sababbin magunguna. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Kowa ya san yadda ake sayen kafso biyu a kemis a haɗiya a daina, wannan na cikin abin da ya kawo mu nan. Dajin Falgore da duwatsun Riruwai suna da itatuwan da suka cancanci a bincika da gaske. Sai dai hanyar doguwa ce. Masani Fleming ya ga da'irarsa ta fenisilin a 1928, amma sai 1941 aka fara yi wa majiyyaci allurarta a Okusfod ta Ingila, bayan an tace ta an gwada a kan ɓeraye.

Iyayenmu masu magani, in kuna so a gwada muku, ku kai itacen da kansa, da reshe mai ganye da fure ko 'ya'ya, ba gari kaɗai ba. Akwai ma'ajiyar busassun tsirrai a Jami'ar Bayero da ta Zariya inda ake tantance shi a ba shi lamba, domin suna ɗaya kan hau itace biyu, itace ɗaya kuma kan amsa suna biyu, kamar hano da ararrabi. Ku faɗi inda kuka samo shi da lokacin, don sassaƙen rani da na damina ba lallai ƙarfinsu ya zo ɗaya ba. Ku nace a gwada maganin yadda kuke haɗa shi, in dafawa kuke yi da jar kanwa a dafa da ita. Sakamakon da aka samu da metanol ba na tukunyarku ba ne, metanol ma guba ne, ba a shan sa. Ku kuma nemi a duba tsabtar jiƙon kansa. Ruwan rijiya a tsohuwar gora, da garin da aka shanya a bakin titi ko ya yi fumfuna, suna iya kai wa majiyyaci ƙwayar da ya zo neman tsari daga gare ta. Mai zuba kafson asibiti a cikin jarka don a ce maganinsa na da ƙarfi, ya ji tsoron Allah, yana koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai ne.

Kafin ku buɗe sirrin gidanku, a yi yarjejeniya a rubuce. Akwai misali a ƙasar nan. Maganin sikila na Niprisan ya fito ne daga haɗin wani mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale, wanda ya yi yarjejeniya da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe. Haɗin ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace guda, an gwada shi a kan dabbobi da mutane, kuma sunan mai maganin na cikin takardar mallakar da aka samu a Amurka a 1998.

Gwajin guba ba abin tsallakewa ba ne. Duman dutse, wanda wasu ke kira maɗacin ƙasa, dangin wani tsiro ne da ya lalata ƙodar mata sama da 100 a Beljiyam a shekarun 1990, bayan sun sha shi cikin maganin rage ƙiba, kuma an tabbatar sinadarin da ke cikin wannan dangi yana kawo ciwon daji. Saiwar sanya, duk da ana mata kirari da uwar magunguna, tana kisa in ta yi yawa. Ɗaci ba shaidar ƙarfi ba ne. Lambar NAFDAC ta maganin gargajiya, mai harafin L a ƙarshe, shaidar an duba rashin cutarwarsa ce, ba shaidar yana warkar da abin da aka lissafa a kwalba ba, kuma hukumar kan sa a rubuta hakan a jikin takardar.

Kai kuma ɗalibi, ko ke ɗaliba, mai shirin aikin kammala digiri: ka bar rami ɗaya ka zuba masa sinadarin da ka narka tsantsar da shi zalla, don ka tabbata ba shi ke kisan ba. Ka daidaita yawan ƙwayar da ma'aunin McFarland 0.5, ka maimaita kowane gwaji sau uku, in wuta ta ɗauke akwatin ɗumi ya huce ka sake daga farko. Ka nemi ƙwayar da aka ciro daga majiyyata, musamman mai taurin kai, tare da wadda aka san asalinta. In babu da'ira, rubuta babu. Wannan ma sakamako ne, kuma zai hutar da na bayanka. Kada ka rufe aikinka da cewa ka tabbatar da maganin yana warkarwa, ba ka gwada mutum ko ɗaya ba. Sannan ka koma ƙauyen da ka ɗebo ilimin, ka zauna da dattijon da ya nuna maka itacen, ka yi masa bayani da Hausa. Mafi yawan takardun da ake ɗagawa a kasuwa, ba a taɓa fassara wa masu su abin da ke ciki ba. Wajen ɗiban sassaƙe kuma a yanki gefe guda a tsaye, kada a zagaye gindin, domin itacen da aka yi wa zobe mutuwa yake yi, maɗaci da ararrabi da yawa sun tafi ta haka.

Ga mai jinya a gida, iyakar a fili take. Zazzaɓin da ya wuce kwana uku, ko ciki ya kumbura ya yi tauri, ko gudawa da jini, ko wuyan yaro ya kumbura yana kasa haɗiya, ko mai jego ta kama zazzaɓi da wari, ko gyambon mai ciwon suga, ko jariri ya ƙi kama nono, duk waɗannan na asibiti ne a ranar, ko na Tudun Wada ko na Doguwa ko wanda ya fi kusa. Ku tafi da gorar jiƙon da aka sha, ku faɗa wa likita sunan itacen da yawan da aka sha da kwanakin da aka yi ana sha, domin da wannan bayanin zai san ko ya fara duba ƙoda da hanta kafin ya rubuta magani.